Hura Kaset

A Yelwa ta Garwa, bayan rumfar mai faci,
nan ɗakin Baba Jingi yake, rufin kwano, labulen buhu.
Talbijin ɗaya mai ƙusumbi,
sai an mare shi a kunne yake tuna launi.
Dala biyar, wasa ɗaya.
Dala biyar ɗin da aka aike ni sayen daddawa.

Kaset ya ƙi? A ciro, a hura,
fuu, fuu, kamar mai tofi a kan ciwon kai,
a mayar da bisimilla.
Ba wanda ya taɓa tambayar dalili.
Yana yi, shi ke nan.

Sali kullum ƙaton nan mai sanƙo yake ɗauka,
ni kuwa siririyar mai tsalle, yara na ta yi mini dariya
har sai na kwantar da su ɗaya bayan ɗaya.
Na san cikin na'urar nan fiye da hanyar makaranta.
Dodon mataki na huɗu
sau uku yake aman wuta, ya tsaya shan iska,
nan ake dukansa.
Tashe ni tsakar dare ka tambaye ni.
In ka mutu, da sauran rai biyu a aljihu.
In wuta ta ɗauke, Baba Jingi ba ya mayar da kuɗi,
kuma cikin dukan dokokin tattalin arziki
ita kaɗai ban taɓa ganin ta saɓa ba.

Yau ga ni da ofis mai fanka, da kwat, da ɗan tumbi,
da takarda daga Yawunde mai hatimi biyu.
Aikina in faɗi inda buhun masara zai kai a watan bakwai,
da irin kallon da sefa za ta yi wa naira.
In ja layi ya hau, kasuwa ta gangara.
In ja ya sauka, ta haye tsamiya tana yi mini gwalo.

Bara na rantse albasa za ta faɗi warwas.
Aka rufe iyaka kwana tara,
ruwa ya tafi da gada,
wani jirgi ya maƙale a tekun da ban san sunansa ba.
Matata ta riƙa yanka ƙwara ɗaya gida huɗu
tana kallona, ba ta ce komai ba.

Sai wani yaro ya yi rawa a waya da bokiti a ka.
Kafin Juma'a duk samarin Garwa sun kife bokiti,
har a biki, har kan babur.
Farashin roba ya ninka.
A wane shafi aka koya mana wannan?

Goggo Astajam mai tumatir ba ta san harafi ba.
Ta shinshina iskar Binuwai, ta ce, "Ɗana, ɓoye gero."
Sau huɗu a jere ta kayar da ni,
ba ta ko san muna wasa ba.

Sali yana sayar da fetur a kwalba bakin titi,
sau uku yake sauya farashi kafin la'asar.
Na ce, "Da me kake lissafi?"
Ya ce, "Da fuskar mai saye."

Ranar Litinin darakta ya leƙo: "Ina hasashen baɗi?"
Na so in ce, ranka ya daɗe,
wannan dodon ba ya tsayawa shan iska,
kuma rai ɗaya aka ba kowa.
Na ce, "Yana zuwa."

Kwamfuta ta sandare, lambobi sun ƙi motsi.
Na dubi hagu, na dubi dama, na tura ƙofa.
Na zare ɗan filashin,
na kai shi baki,
fuu, fuu.